Yadda Ake Gane Garuruwa da Ƙauyukan da Suka Kewaye Vichy, da Yadda Ake Tsara Zama a Cikinsu

Duk wanda ya yi niyyar zuwa Vichy, birnin ruwan magani da ke tsakiyar ƙasar Faransa, ko don jinya ko don koyon Faransanci ko don yawon buɗe ido, ya kamata ya fara sanin cewa birnin kansa ƙarami ne ƙwarai. Faɗinsa bai cika murabba'in kilomita 6 ba, mazaunansa kuwa kimanin 25,000 ne, amma sunansa, wanda ake furtawa Vishi, ya lulluɓe garuruwa da ƙauyuka da dama waɗanda kowannensu yake da magajin garinsa da majalisarsa da kasafin kuɗinsa. Ruwan kwalba mai sunan Vichy a garin Saint-Yorre ake ɗura shi, man shafawa mai wannan suna a Creuzier-le-Vieux ake haɗa shi, filin sukuwar dawaki yana hayin kogi a Bellerive, babbar kotun yankin kuma tana Cusset. Saboda haka baƙon da bai san rabe-raben nan ba yana iya kama masauki da tunanin yana tsakiyar gari, sai ya wayi gari ya tarar tsakaninsa da gidan wankan magani akwai kogi da gada da tafiyar mota.

A nan an bar sunayen wuraren kamar yadda suke a rubuce a allunan hanya da tikitin jirgin ƙasa, domin da su matafiyi zai yi tambaya.

A fara da rarrabe da'irori huɗu

Idan Bafaranshe ya ce Vichy, yana iya nufin ɗaya daga cikin abubuwa huɗu, kuma matakin farko shi ne a san wanne ake magana a kai. Na farko shi ne komin, wato ƙaramar hukuma mai magajin gari. Mutanen Nijar ba za su sha wahalar gane wannan ba, tunda tsarin jiha da gunduma da komin da suke amfani da shi daga na Faransa aka gaje shi. Komin ɗin Vichy yana cikin gundumar Allier a jihar Auvergne-Rhône-Alpes, kuma ba shi ne babban birnin gundumar ba. Wannan matsayi na Moulins ne, wanda ke arewa da nisan da ya ɗan haura kilomita 50, kuma can ne babban ofishin gwamnati mai kula da takardun zaman baƙi yake.

Da'ira ta biyu hukumar ƙididdiga ta Faransa, INSEE, ita ta shata ta, kuma ma'auninta gine-gine ne. Idan gidaje suka ci gaba da haɗuwa babu gibin da ya wuce mita 200 a tsakaninsu, kuma mutanen da ke ciki suka kai 2,000, to hukumar tana ɗaukar wurin a matsayin gari ɗaya ko da ya ratsa komin goma. Da wannan ma'auni Vichy ta haɗe da Cusset da Bellerive-sur-Allier da Abrest da Creuzier-le-Vieux da Le Vernet da Hauterive da Saint-Yorre da wasu maƙwabta, jama'arta kuma ta haura 60,000. Wannan da'ira ce ta fi dacewa da abin da ido yake gani, domin mai tafiya a ƙasa daga Vichy zuwa Cusset ba zai san ya sauya gari ba sai dai in ya lura da allon gefen titi.

Da'ira ta uku ta mulki ce, ana kiranta Vichy Communauté. An kafa ta ranar 1 ga Janairun 2017 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi biyu, wato Vichy Val d'Allier mai komin 23 na kwarin kogi, da ƙungiyar Montagne bourbonnaise mai komin 15 na kan tsaunuka. Daga baya ƙauyen Saint-Pont ya shigo, adadin ya zama 39, da jama'a fiye da 80,000. Wannan ƙungiya ita ke riƙe da ayyukan da komin ɗaya ba zai iya ɗauka shi kaɗai ba, kamar motocin bas na cikin gari da magudanan ruwa da wuraren ninƙaya da filayen masana'antu. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa kuwa suna nan a hannun kowane magajin gari, don haka wanda yake zaune a Abrest ofishin magajin garin Abrest zai nufa, ba na Vichy ba.

Ta huɗu ita ce mafi faɗi, kuma ma'auninta zirga-zirgar ma'aikata. Tun daga 2020 INSEE tana lissafa ƙauye cikin yankin da wani birni ke jan ragamarsa idan aƙalla kashi 15 cikin ɗari na ma'aikatan ƙauyen a birnin suke aiki. Kafin wannan shekara ma'aunin kashi 40 cikin ɗari ne, tare da wasu sharuɗɗa na dabam. Wannan sauyi shi ya sa mai bincike zai ga jerin ƙauyukan da aka buga a 2015 bai yi daidai da na yau ba, alhali babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Dabarar ita ce, duk lokacin da aka ga wani adadi na jama'a ko jerin sunaye, a duba shekararsa, sannan a duba wace da'ira ce. Kuma kada a yi zaton da'irorin nan suna kwance daidai ɗaya cikin ɗaya: ƙauyukan Saint-Priest-Bramefant da Saint-Sylvestre-Pragoulin, alal misali, suna dab da Saint-Yorre, amma suna cikin gundumar Puy-de-Dôme kuma ba sa cikin Vichy Communauté, yayin da Laprugne da Lavoine, waɗanda ke can nesa a kan tsauni, suna ciki.

A zana kogin, sannan a haddace lambobin gidan waya

Hanya mafi sauƙi ta riƙe taswirar yankin a ka ita ce a ja layi ɗaya daga kudu zuwa arewa, shi ne kogin Allier, wanda ke gangarawa arewa har ya faɗa kogin Loire. A gabashin layin, daga kudu, akwai Mariol da Saint-Yorre da Abrest, sai Vichy, sai Creuzier-le-Vieux da Saint-Germain-des-Fossés da Billy. A bayansu ƙasa ta fara tashi, nan Cusset da Le Vernet da Busset suke. A yammacin layin kuwa akwai Hauterive da Bellerive da Charmeil da Saint-Rémy-en-Rollat a kusa da ruwa, sai Brugheas da Serbannes da Vendat da Espinasse-Vozelle da Cognat-Lyonne a cikin gonaki. Gadojin da ke haɗa ɓangarorin biyu kaɗan ne. A tsakiyar gari guda biyu ne na mota, gadar Bellerive da gadar Europe. Ta biyun madatsar ruwa ce da aka gama a 1963 zamanin magajin gari Pierre Coulon, ita ce kuma ta tare kogin ya zama tafkin da ake tseren kwale-kwale a kai. A arewa akwai gadar Boutiron tsakanin Charmeil da Creuzier-le-Vieux, aikin injiniya Eugène Freyssinet na kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ƙarancin gadojin ne ya sa wuri yake iya zama kusa a taswira amma nesa a ƙafa.

Abu na biyu da zai taimaka, musamman wajen karanta tallan gidajen haya, shi ne lambar gidan waya. Duk lambobin gundumar Allier da 03 suke farawa. Lamba 03200 ta Vichy ce, amma Abrest da Le Vernet ma ita suke amfani da ita, saboda haka ganinta kaɗai bai isa hujjar cewa gidan yana cikin birni ba. Dole a karanta sunan garin da ke biye da ita. Lamba 03300 ta Cusset ce da Creuzier-le-Vieux da Creuzier-le-Neuf da Molles. 03700 ta Bellerive ce da Brugheas da Serbannes. 03270 ta haɗa Saint-Yorre da Hauterive da Busset da Mariol, ko da yake Hauterive tana ɗaya hayin. 03260 ta Saint-Germain-des-Fossés ce da Billy, 03110 ta Charmeil da Vendat da maƙwabtansu na yamma, 03250 kuma ta Le Mayet-de-Montagne da ƙauyukan tsauni. Lambar da ta fara da 63 tana nuna an tsallaka zuwa Puy-de-Dôme.

A bi sawun ruwan

Abin da ya ɗinke garuruwan nan tun asali yana ƙarƙashin ƙasa. Ruwan yana tasowa daga zurfi ta tsagogin duwatsu da ke gefen Limagne, wato faffaɗan kwarin da kogin Allier yake ratsawa, iskar gas ta kabon ce take turo shi sama, kuma a hanyarsa yake kwaso ma'adinai, musamman sodiyam da bikabonet. Wanda ya taɓa ɗanɗana ruwan da aka jiƙa kanwa a ciki zai gane ɗanɗanon nan take, domin sinadaran 'yan uwan juna ne. Tsagogin kuwa ba su san iyakar komin ba, shi ya sa maɓuɓɓugan suka bazu a Vichy da Cusset da Abrest da Bellerive da Hauterive da Saint-Yorre, har cikin ƙauyukan Puy-de-Dôme da aka ambata.

Ya fi kyau a fara daga cikin birni. A lambun da ake kira Parc des Sources, wanda aka kafa bisa umarnin Napoleon na Ɗaya a 1812, akwai zauren shan ruwa na ƙarfe da gilashi da aka buɗe a 1903, inda aka jawo maɓuɓɓuga da dama wuri ɗaya. Zafinsu ya bambanta: Chomel tana kai digiri 43 a ma'aunin Salshiyas, Grande Grille 39, Hôpital 34, Lucas 27. Célestins, wadda ta fi su suna, ba ta da zafi, kimanin digiri 22 ce, kuma tana da rumfarta ta dabam a kudancin tsohon gari kusa da kogi, a wurin da wani gidan ibadar Kirista da aka kafa a 1410 ya taɓa kasancewa. A wannan rumfa kowa yana iya ɗiban ruwa kyauta, kuma mutanen gari kan zo da kwalabensu. Sauran maɓuɓɓugan masu jinya ne suke shan su da kofi mai awo, gwargwadon abin da likita ya rubuta.

Daga nan sai a gangara kudu. A Abrest akwai maɓuɓɓugar Dôme, wadda zafinta ya haura digiri 60, tana cikin mafi zafi a yankin baki ɗaya, kuma rijiya ce da aka haƙa, ba ruwa ne da ya ɓullo da kansa ba. Haka yawancin maɓuɓɓugan da ke wajen birni suke: a ƙarni na 19, da aka ga ruwan ya zama dukiya, sai masu filaye suka shiga haƙa. Wanda ya fi kowa cin riba shi ne Nicolas Larbaud, mai kantin magani a Vichy, wanda ya sayi filaye a Saint-Yorre a shekarun 1850 ya fara ɗura ruwansu a kwalba. Daga wannan sana'a ƙauyen ya zama garin masana'anta, kuma har yau a can ake ɗura ruwan St-Yorre da na Vichy Célestins. A hayin yamma, Bellerive tana da maɓuɓɓugar Boussange wadda ake jan ruwanta zuwa gidajen wanka na Vichy, tana kuma da wata da ake kira mai tsayawa da tashi, saboda tana feso ruwa na ɗan lokaci sannan ta yi shiru. Hauterive ma tana da nata maɓuɓɓugan, kuma a can akwai masana'antar alawar nan fara mai kusurwa takwas da ake yi da gishirin ruwan, wadda ta samo asali daga binciken masanin sinadarai Darcet a 1825.

Akwai gargaɗin da bai kamata a tsallake ba. Lita ɗaya ta St-Yorre tana ɗauke da sodiyam miligiram 1,708 da bikabonet 4,368, ta Vichy Célestins kuma sodiyam 1,172 da bikabonet 2,989, kamar yadda yake rubuce a jikin kwalaben. Wannan ya ninka na ruwan sha na yau da kullum sau da yawa. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ko ciwon zuciya, da duk wanda likita ya hana shi gishiri, kada ya mai da shi ruwan sha ba tare da ya tambayi likitansa ba. Ita jinyar kanta a tsarin Faransa kwana 18 ce ta magani a cikin mako uku, bisa takardar likita, kuma a Vichy an fi yin ta ne don ciwon gaɓoɓi da matsalolin narkewar abinci da na ƙiba da sukari. Baƙon da ba ya cikin inshorar lafiyar Faransa shi zai biya daga aljihunsa, ko ya ɗauki gajeren shiri na 'yan kwanaki. A ganina ya kamata a ɗauki wannan jinya a matsayin taimako ga maganin asibiti, kada a ajiye ƙwayoyin da likita ya rubuta saboda ita.

A ba Cusset da Bellerive haƙƙinsu

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne ɗaukar Cusset a matsayin unguwar bayan gari. Gari ne mai mutane kimanin 13,000, kuma shekaru aru-aru ya fi Vichy ƙarfi da muhimmanci. Ya girma ne a kewayen wani gidan ibada na mata da aka kafa a ƙarni na 9, a wurin da ƙoramar Jolan take haɗuwa da Sichon. A nan aka ƙulla sulhun 1440 tsakanin Sarki Charles na Bakwai da ɗansa mai jiran gado, wanda ya yi masa tawaye tare da wasu manyan hakimai. Ɗan nan da ya hau gadon sarauta da sunan Louis na Goma Sha Ɗaya shi ya sa aka kewaye garin da ganuwa mai ƙarfi. Abin da ya rage daga ganuwar shi ne hasumiyar da ake kira Tour Prisonnière, wadda yanzu gidan tarihi ce, da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da ake zagayawa da baƙi. Sai da masu jinya suka yi ta kwarara a ƙarni na 19 sannan Vichy ta sha gabanta, musamman bayan Napoleon na Uku ya zo jinya sau biyar tsakanin 1861 da 1866, ya sa aka yi wa kogin shinge, aka shimfiɗa lambuna, aka gina tashar jirgin ƙasa da gidan caca. Duk da haka kotu ta ci gaba da zama a Cusset, kuma manyan makarantun sakandare na gwamnati na yankin, Albert-Londres da Valery-Larbaud, a can suke. Wanda zai zauna da iyali na dogon lokaci ya kamata ya yi la'akari da wannan.

Bellerive kuwa, mai mutane kusan 9,000, ƙauye ne da ake kira Vesse har zuwa 1903. Da fili ya ƙare wa Vichy, duk abin da yake bukatar sarari sai aka tsallaka da shi nan: filin sukuwar dawaki, wanda aka fara tsere a kai a 1875, da filin wasan golf na 1908, da babban dandalin wasanni mai sunan Pierre Coulon, da cibiyar horas da 'yan wasa, da babban wurin ninƙaya. Ɗan wasan da aka gayyata horo a Vichy, mai yiwuwa a Bellerive zai yi kwanakinsa.

Masana'antu sun fi yawa a arewa da kudu. Kamfanin L'Oréal yana haɗa kayan shafa na Vichy a Creuzier-le-Vieux, kamfanin Ligier mai ƙera ƙananan motoci yana Abrest, ƙaramin filin jirgin sama kuma yana Charmeil, sai dai ba a dogara da shi wajen jigilar fasinja.

Yadda ake zaɓar masauki da hanyar shiga

Tambayar da za ta yanke hukunci ita ce ko mutum yana da mota. Mai jinya wanda zai riƙa zuwa gidan wanka kowace safiya tsawon mako uku, da ɗalibin cibiyar koyar da Faransanci ta CAVILAM, wadda aka kafa a 1964 kuma take karɓar ɗalibai da malamai daga ƙasashe da yawa har da na Afirka, su biyun ya fi musu su zauna a cikin Vichy kanta, inda kusan komai ake kai wa gare shi da ƙafa. Idan kuɗi bai kai ba, zaɓi na gaba shi ne Cusset ko ɓangaren Bellerive da ke kusa da gada, domin motocin bas na MobiVie suna ratsa su, kamar yadda suke kaiwa Abrest da Creuzier-le-Vieux da Hauterive. Kafin a biya kuɗin haya a nemi mai gida ya faɗi sunan tashar bas mafi kusa, sannan a duba jadawalin dare da na ranar Lahadi, lokutan da motoci suke raguwa. Ƙauyuka irin su Vendat da Serbannes da Busset suna da daɗin zama da natsuwa, amma wanda ba shi da mota zai wahala a cikinsu, kuma ban ga hikimar a rage kuɗin haya a mai da shi kuɗin tasi ba. Mai bukatar naman halal ko wurin sallar Juma'a shi ma ya yi tambaya kafin ya kama ɗaki, kuma ya karkata ga manyan garuruwan nan uku.

Daga Paris ana hawa jirgin ƙasa ne a tashar Bercy, a layin da ke zuwa Clermont-Ferrand, tafiyar kimanin sa'a uku. Daga Clermont-Ferrand, inda filin jirgin sama mafi kusa mai ɗaukar fasinja yake, tafiyar jirgin ƙasa ba ta kai sa'a ɗaya ba. A kula da sunan Saint-Germain-des-Fossés a allon tasha: mahaɗar layukan dogo ce mai nisan kimanin kilomita 10 arewa da Vichy, kuma kafin a shimfiɗa reshen Vichy a 1862 a nan masu jinya suke sauka su ƙarasa da keken doki. Har yanzu wasu tafiye-tafiyen sukan bukaci a sauya jirgi a nan. Mai mota da ya fito daga babbar hanyar A71 zai bi reshen A719 daga Gannat, wanda ya iso kusa da Bellerive a 2015, wato ta hayin yamma zai shigo.

Ga mai keke akwai hanyar da babu motoci a kanta mai tsawon kilomita 27 a bakin kogi, daga Saint-Yorre zuwa Billy. Da ita ana iya ganin rabin garuruwan kwarin a wuni ɗaya, a ƙare a gindin ganuwar Billy ta ƙarni na 13.

Yadda ake magana a kan shekarun yaƙi

Masu karatun tarihi a ƙasashenmu sun san sunan Vichy ta wata fuska dabam. Bayan Jamus ta ci Faransa da yaƙi a 1940, gwamnati ta tare a wannan birni saboda yawan otal-otal ɗinsa da ingancin layukan tarhonsa, kuma ranar 10 ga Yulin wannan shekara 'yan majalisa suka taru a gidan wasan opera suka miƙa wa Marshal Philippe Pétain cikakken iko da ƙuri'a 569, 80 suka ƙi. Wannan ya shafe mu kai tsaye: Nijar, tare da sauran yankunan Faransa na Afirka ta Yamma, ta kasance ƙarƙashin wannan gwamnati har Nuwamban 1942, alhali Chadi a ƙarƙashin gwamna Félix Éboué ta bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, tun 26 ga Agustan 1940, Kamaru kuma ta biyo baya kashegari.

Ladabin da ya kamata baƙo ya kiyaye shi ne ya bambanta garin da gwamnatin. Mazauna wurin ba su suka gayyato ta ba, kuma da yawansu ba sa jin daɗin a riƙa kiran mulkin da sunan garinsu. Ya fi dacewa a ce gwamnatin Pétain. Mai son bin wannan tarihi zai ga ginin Hôtel du Parc, inda ofishin Pétain ya kasance, a gefen Parc des Sources, amma tarihin bai tsaya a birni ba. A dajin da ke cikin komin ɗin Molles, sama da Cusset, 'yan sandan sa-kai na gwamnatin suka kashe Jean Zay, tsohon ministan ilimi, ranar 20 ga Yunin 1944, bayan sun ɗauko shi daga kurkukun Riom, kuma akwai alamar tunawa a wurin. Wata alaƙar da Afirka ita ce gidan tarihin kayan fasahar Afirka da Asiya da ke Vichy, wanda ya samo asali daga gidan saukar 'yan mishan da suke zuwa jinya bayan sun dawo daga ƙasashe masu zafi.

Hawa tsauni

Komin 15 na Montagne bourbonnaise suna bukatar wuni na musamman da mota, domin hanyoyin ƙanana ne masu lanƙwasa, kuma kilomita 25 a nan ba kamar kilomita 25 a kwari ba ce. Ana fita ta Cusset, ko a bi kwarin Sichon zuwa Arronnes da Ferrières-sur-Sichon, ko a haura ta Molles zuwa Le Mayet-de-Montagne, wanda shi ne babban garin tsaunin, kuma a nan ya kamata a sha mai a sayi abinci. A Ferrières ne ƙauyen Glozel yake, inda wani matashin manomi, Émile Fradin, ya tono wasu allunan yumɓu masu zane a 1924, abin da ya haifar da gardama mai tsawo tsakanin masana a kan shekarunsu da sahihancinsu. Châtel-Montagne tana da tsohuwar majami'ar dutse ta ƙarni na 11 zuwa 12 wadda masu nazarin gine-gine suke takowa dominta, Arfeuilles tana da magangarar ruwa ta Pisserotte, Laprugne kuma tana da ƙaramin wurin wasan dusar ƙanƙara na La Loge des Gardes. Ƙololuwar gundumar Allier baki ɗaya, Puy de Montoncel mai tsayin mita 1,287, tana sama da Lavoine, a inda gundumomin Allier da Loire da Puy-de-Dôme suka haɗu.

Matsayin kayan tarihi na duniya da UNESCO ta bayar a Yulin 2021 ga biranen ruwan magani 11 na ƙasashen Turai bakwai, ciki har da Bath ta Ingila da Baden-Baden ta Jamus da Karlovy Vary ta Jamhuriyar Cek, ya shafi unguwar gidajen wanka da lambunan Vichy ne, ba waɗannan ƙauyuka ba, don haka kada a yi tsammanin samun irin tanadin baƙi na birni a kan tsauni. Ƙananan gidajen tarihi da gidajen abinci na can da yawansu sukan rage lokutan aiki ko su rufe idan sanyi ya shigo, kuma daga Disamba zuwa Maris dusar ƙanƙara tana iya rufe hanyoyin sama. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Mayu zuwa Satumba, kuma ko a tsakiyar Yuli a tafi da rigar sanyi, a kuma buga waya tun daga Vichy a tabbatar wurin da za a je a buɗe yake.